Sana'ar Gidan Haya da Ƙaramin Jari: Misali Daga Abuja da Kewayenta

1.0 Gabatarwa

Bayan ci da sha da sutura, babu buƙatar da take matsa wa ɗan'adam kamar muhalli. Duk da haka, a ƙasar Hausa ta dauri ba kasafai mutum yakan biya kuɗi domin ya sami ɗakin kwana ba. Baƙo yakan sauka a zauren mai unguwa ko na malamin gari. Falke kuwa yana da fatomansa, wanda zai ba shi masauki, ya samo masa masu sayen hajarsa, sa'an nan ya fitar da ladansa daga la'adar ciniki. Saurayin da ya isa aure sai a yanka masa sashe a gidan mahaifinsa. Haya irin wadda muka sani a yau ta yaɗu ne bayan zuwan Turawa, lokacin da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, aka kafa unguwannin baƙi irin su Sabon Gari da Tudun Wada, aikin albashi kuma ya fara raba mutane da garuruwansu na haihuwa. Tun daga sannan ɗaki ya zama haja, gina shi kuma ya zama sana'a.

A wannan babi za a yi bayanin yadda mai ƙaramin ƙarfi yake shiga wannan sana'a a wurin da fili da gini suka yi tsada. An zaɓi Abuja da garuruwan da suke kewaye da ita domin misali, saboda duk Arewa babu inda ƙasa ta kai nan tsada, kuma babu inda kuskuren mai saye yake saurin bayyana kamar nan. Batun ya shafi ɗalibin da yake shirin zama malami kai tsaye. Albashin malami ba shi da yawa, ranar ritaya kuwa tana nan tafe. Da yawa daga malaman da suka gabace mu, abin da ya rufa musu asiri bayan barin aiki shi ne 'yan ɗakunan da suka gina suka zuba 'yan haya, a daidai lokacin da fansho ya yi jinkirin fitowa. Akwai kuma waɗanda a wannan harka suka binne guminsu gaba ɗaya.

2.0 Ma'anar Haya da Kalmomin Sana'ar

Haya yarjejeniya ce wadda mai dukiya yake ba wani damar amfani da dukiyarsa na ƙayyadadden lokaci, a kan ƙayyadadden lada, ba tare da mallakar ta tashi daga hannunsa ba. Malaman fiƙihu suna kiranta ijara. Ita kalmar haya ararriya ce daga Ingilishi, wanda hakan ma yana nuna cewa baƙuwar al'ada ce. Abin da Hausawa suka fi sani a da shi ne aro da jingina, musamman a harkar gona.

Ya kamata mai nazarin Hausa ya lura da kalmomin da masu wannan sana'a suke amfani da su, domin kowace tana ɗauke da hukunci. Fuloti ko fegi shi ne yankin filin da aka auna domin gini, kuma cikakkensa a awon gwamnati galibi ƙafa 50 ne a faɗi, 100 a tsawo. Awon igiya, kamar yadda ake cewa a Kano, shi ne filin da mai gona ya yanka da kansa ya sayar, ba tare da hukuma ta tsara hanyoyi da magudanan ruwa ba. Kango gini ne da ba a rufe ba, ko wanda aka yashe. Kafin alƙalami shi ne ɗan abin da mai saye yake fara bayarwa domin ya tabbatar da ciniki. La'ada ladan dillali ce, galibi kashi 5 cikin 100 idan sayarwa ce, kashi 10 na kuɗin shekara idan haya ce. Safiyo shi ne mai awon ƙasa. Rusau kuwa ba ta buƙatar bayani ga duk wanda ya taɓa zama a Abuja.

3.0 Dalilin Tsadar Ƙasa a Abuja

An ƙirƙiri Birnin Tarayya da Doka ta 6 ta watan Fabrairun 1976, zamanin Janar Murtala Muhammad, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. Gwamnati ta taso daga Legas ta tare a ranar 12 ga Disamba, 1991. Dokar ta mallaka wa gwamnatin tarayya dukkan ƙasar yankin, aka kuma zana wa birnin taswira wadda ta ƙayyade abin da za a gina a kowane wuri. Sakamakon haka, filin da yake da hanya da ruwa da lantarki da takarda mai kyau kaɗan ne, masu nemansa kuwa daga kowace jiha suke zuwa, har da masu kuɗin da ba zama za su yi ba, wurin ajiyar dukiya kawai suke so. Wannan ne ya sa mutum zai ratsa Maitama ko Asokoro da dare ya ga manyan gidaje a kulle babu fitila, alhali direba da masinja da malamar firamare da suke aiki a unguwar ba su da wurin kwana a cikinta.

Daɗin daɗawa, daga 2003 gwamnatin Obasanjo ta sauya tsarin ba ma'aikata gidaje, ta mayar da shi kuɗi a cikin albashi, daga baya ta sayar da gidajenta na Abuja. A tsakanin 2003 da 2007 kuma, lokacin da Malam Nasiru el-Rufa'i yake minista, an rushe unguwanni masu yawa da aka gina ba bisa taswira ba, irin su Karmo da Chika. Jama'ar da aka tasa sai suka kwarara zuwa bakin iyaka. Ta gabas akwai Nyanya, daga nan a tsallaka jihar Nasarawa a shiga Mararaba da Ado da Masaka, a kan hanyar Keffi. Ta arewa maso yamma akwai Kubwa da Zuba, sai Madalla da Suleja a jihar Neja. Ta hanyar filin jirgin sama akwai Lugbe, gaba kuma Kuje da Gwagwalada. Duk wanda ya ga cunkoson motoci a Nyanya da asuba ya ga 'yan hayar Abuja suna tafiya aiki. Ke nan birnin ya rabu biyu: inda ake aiki da rana, da inda ake kwana da dare. Kasuwar mai ƙaramin jari tana inda ake kwana.

4.0 Lissafin Riba

Kuskuren da masu farawa suka fi yi shi ne su ji ana biyan haya mai yawa a wata unguwa, sai su ɗauka a nan riba take. Yawan kuɗin haya shi kaɗai ba ya nuna komai, sai an gwada shi da abin da aka kashe. Hanyar gwajin mai sauƙi ce: a raba kuɗin hayar shekara da jimillar kuɗin fili da gini, a ninka da 100. Alƙaluman da za a kawo a nan na misali ne kawai, domin farashi yana sauyawa kowace shekara, amma hanyar lissafin ba ta sauyawa.

A ɗauka an sayi gida a cikin birni a kan naira miliyan 120, ana ba da hayarsa naira miliyan 6 a shekara. Ribarsa kashi 5 cikin 100 ke nan, wato sai an shekara 20 kafin haya ta mayar da uwar kuɗi, ko da ba a taɓa canza kwan lantarki ba. A ɗauka kuma wani ya sayi fili a bayan Masaka, ya gina ciki da falo guda huɗu, komai da komai ya ci naira miliyan 24, yana ba da kowane ɗaya naira 600,000 a shekara. Jimillar haya naira miliyan 2 da dubu 400, wato kashi 10 cikin 100. Jarinsa kashi ɗaya ne bisa biyar na mutumin farko, amma kowace nairarsa tana yin aikin naira biyu na wancan. Dalili shi ne, farashin gida a tsakiyar birni aljihun attajirai yake bi, kuɗin haya kuwa ko'ina albashin mai haya yake bi, albashi kuma ba ya gudu kamar farashin ƙasa.

Sai dai wannan kashi 10 ba duka ne yake shiga aljihu ba. A ware naira 240,000 domin gyara, kamar yoyon kwano da famfo da fenti. A ɗauka ɗaki ɗaya ya yi wata uku babu kowa, an rasa naira 150,000. A ƙara naira 110,000 na kwashe sokawe da harajin ƙasa da 'yan ƙananan hidimomi. Abin da ya rage naira miliyan 1 da dubu 900 ne, wato kusan kashi 8 cikin 100. Wannan ita ce ribar gaskiya, kuma da ita ya kamata a yi shawara.

A nan mai hankali zai yi tambaya. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. To, mene ne amfanin jarin da yake ba da kashi 8? Amsar ita ce, gida yana biyan mai shi ta fuska biyu. Akwai kuɗin haya, akwai kuma darajar gidan kansa, wadda take tashi tare da tsadar siminti da rodi da kwano. Wanda ya ajiye naira miliyan 10 a banki a farkon 2023, kafin cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu da sakin darajar naira a watan Yunin shekarar, ya wayi gari kuɗinsa ba sa sayen kayan ginin da za su saya a da. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da yawa. Wanda ya riga ya mayar da kuɗinsa bulo da kwano bai ji wannan zafin ba. Saboda haka gidan haya ya fi kama da rumbu fiye da shago: aikinsa na farko shi ne ya tsare abin da aka zuba a ciki. Amma rumbu ne da ba a buɗe shi da gaggawa. Idan rashin lafiya ta taso, ba a yankar falo a kai kasuwa, kuma mai sayar da gida cikin matsi da wuya ya sami farashinsa.

5.0 Bashi

A ƙasashe irin su Ingila da Amurka, mai farawa yakan biya ɗan kaso na kuɗin gida, banki ya cika sauran, kuɗin haya ya riƙa biyan bashin a tsawon shekara 25 ko 30. Littattafan da ake rubutawa a can a kan wannan sana'a kusan duk a kan wannan dabara suka ginu, kuma matasanmu suna karanta su a intanet. Dabarar tana aiki ne idan ruwan bashi bai kai ribar haya ba. A Nijeriya abin juye yake. A watan Nuwambar 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100, bankunan kasuwanci kuwa sama da haka suke ɗora wa mai karɓar rance. A koma ga mutumin Masaka. Da a ce naira miliyan 10 daga cikin jarinsa rance ne a kan kashi 30, ruwan shekara kaɗai naira miliyan 3 ne, ya zarce dukkan hayar ɗakunansa huɗu, ba a ma taɓa uwar bashin ba. Ga Musulmi, haramcin riba ya isa hujja. Ga wanda ba Musulmi ba ma, lissafi ya isa.

Akwai rance mai rahusa guda ɗaya da ya kamata ma'aikaci ya sani, wato Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, wanda Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya yake gudanarwa. Ana cire kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci duk wata, shi kuma yana da haƙƙin neman rance a kan kashi 6, ya biya cikin shekarun da za su iya kai 30. Haka kuma, Dokar Fansho ta 2014 da ƙa'idojin da Hukumar Fansho ta fitar a 2022 sun ba wanda yake cikin tsarin fansho na karo-karo damar amfani da har kashi 25 cikin 100 na ajiyarsa a matsayin kasonsa na lamunin gida. Duka biyun domin gidan zaman mutum aka yi su, ba domin gidan haya ba, kuma duka suna neman fili mai cikakkiyar takarda. Wanda yake gudun ruwa ko da kaɗan ne, akwai bankunan da ba sa mu'amala da shi, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJ a 2019, da Lotus a 2021, waɗanda suke bin hanyar murabaha da ijara. Amma kada a ɗauka rashin ruwa yana nufin araha. Su ma suna ɗora ribarsu, kuma wajibi ne a gwada ta da ribar haya kamar yadda aka yi a sama.

6.0 Hanyoyin Farawa

Mafi ƙarancin albashi a Nijeriya ya tashi daga naira 18,000 a 2011 zuwa 30,000 a 2019, zuwa 70,000 a 2024. Sabon malamin da ya daure yana ajiye naira 20,000 duk wata zai tara 240,000 a shekara. Idan ya ce sai ya haɗa naira miliyan 24 zai fara, zai jira shekara 100. Ke nan duk malamin da aka gani da gidan haya ba haka ya yi ba. Abin da akasarinsu suka yi shi ne gini daki-daki.

Matakin farko fili ne, kuma a nan adashi da ƙungiyar gama-kai ta ma'aikata suke da amfani, domin suna mayar da ɗan kuɗin wata-wata ya zama dunƙule. Ƙungiyoyin malamai da yawa sukan sayi gona babba a bayan gari, su kawo safiyo ya yanka, su raba wa mambobi, ana cirewa a albashi. Farashin ya fi sauƙi, kuma binciken takarda ana yin sa ne sau ɗaya domin kowa. Bayan fili sai a zana tsarin gidan gaba ɗaya tun farko, a san inda sokawe da rijiya da kowace ƙofa za su zauna, ko da ɗaki ɗaya za a fara ginawa. Wanda bai yi haka ba yakan rushe da hannunsa abin da ya gina bara. Daga nan sai a fara da abin da ya fi saurin kawo kuɗi. Idan filin yana bakin hanya, shago ne, domin ba ya buƙatar kicin da makewayi. Idan yana lungu, ɗaki ɗaya mai makewayi a ciki. Al'adar biyan hayar shekara gaba ɗaya, wadda take gallabar 'yan haya, ita ce take taimakon mai gini, domin kuɗin ɗakin farko su ne bulon ɗaki na biyu. Ƙa'ida ɗaya ce ba a karyawa: a rufe ɗaki ɗaya a sa mutum a ciki kafin a ɗora harsashin wani. Kango mai ɗaki shida da ya tsaya a linta ba ya kawo ko kwabo, damina tana cin sa, ɓata-gari kuma suna samun mafaka.

Hanya ta biyu ita ce mutum ya zauna a sashe ɗaya ya ba da hayar sauran. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, wanda ya saba da gida mai sassa da shago a jikin zaure. Fa'idarsa ita ce mai gida ya huta da biyan tasa hayar, kuma idonsa yana kan dukiyarsa. Wahalarsa ita ce zama da mutumin da kake bi bashi a tsakar gida ɗaya, ga rikicin yara da na shara da na layin famfo. Raba ƙofar shiga tun wajen zane yana rage rabin wannan.

Hanya ta uku ita ce a bi ɗalibai. Jami'ar Abuja ta cika Gwagwalada da masu neman ɗaki, Kwalejin Ilimi ta Birnin Tarayya tana Zuba, Jami'ar Jihar Nasarawa tana Keffi. Abin da Samaru ta zama saboda Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, shi waɗannan garuruwa suke zama. Mai karatun wannan littafi ya fi kowa sanin abin da ɗalibi yake nema: kusa da makaranta, ruwa, tsaro, da wurin cajin waya. Ya kuma san yadda ɗalibai suke barin ɗaki idan sun tashi. A sa wannan a lissafin gyara, a kuma tuna yajin aikin malaman jami'a na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas, ɗakuna suna kulle.

Akwai masu karɓar filin wani ko tsohon gidansa su gina ko su gyara da kuɗinsu, su ci haya na shekarun da aka yi alkawari, sa'an nan su mayar wa mai shi. Akwai kuma 'yan'uwa ko abokai da suke haɗa kuɗi su gina tare. Duka biyun suna rage jarin da ake buƙata, duka biyun kuma suna cika kotuna da ƙara, musamman idan ɗaya ya rasu magada suka shigo. Kowane kaso a rubuta shi, da shaidu, a gaban lauya, tun ana dariya.

Wanda bai kai ko sayen fili ba yana iya sayen hannun jari a asusun da suke mallakar gidaje da ofisoshi suna raba hayar ga masu hannu, irin su UPDC REIT da SFS REIT da suke Kasuwar Hannun Jari ta Nijeriya. Yana kuma iya ajiye abin da yake tarawa a sukuk na gwamnatin tarayya, wanda aka fara sayarwa a 2017, mafi ƙarancin shiga naira 10,000, maimakon ya bar shi yana narkewa.

7.0 Takardun Fili

Duk abin da aka faɗa a baya ya rataya ne a kan wannan sashe. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa dukkan ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. A Arewa wannan ba sabon abu ba ne, domin dokar Turawa ta 1910 da Dokar Mallakar Ƙasa ta 1962 sun riga sun shimfiɗa irin wannan tsari. Ma'anarsa ita ce, abin da mutum yake saya haƙƙin zama ne a kan ƙasa, galibi na shekara 99, takardar shaidar mallaka kuma ita ce hujjarsa. Sashe na 22 ya ce ba a sayar da wannan haƙƙi ko jinginar da shi sai da yardar gwamna. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon karɓe fili domin amfanin jama'a.

A Birnin Tarayya abin ya fi tsanani. Minista ne kaɗai yake da ikon ba da fili. Takardar da dagaci ko sarkin ƙauye ya sa wa hannu ba ta mallaka wa mai saye komai a idon doka, duk yawan shaidun da suka halarta. A rusau ɗin da aka ambata a baya, waɗanda suka fi shan wuya su ne baƙin da suka sayi fili daga hannun 'yan asalin ƙauyuka. 'Yan asali suna da haƙƙin a sake musu matsuguni, baƙo kuwa ya tashi babu diyya. Filayen sun yi araha ne saboda wannan haɗari, araha kuwa ba ta ado. Wannan ma yana cikin dalilan da suka sa masu ƙaramin ƙarfi suke tsallakawa Nasarawa da Neja, inda ake iya sayen fili daga masu gona, daga baya a nemi takardar gwamnatin jiha.

Kafin a ba da kafin alƙalami, a kai lambar fili ofishin bayanan ƙasa a bincika. A Abuja shi ne AGIS, wanda aka kafa a 2003. Nasarawa tana da NAGIS, Kaduna KADGIS, Kano KANGIS. Binciken zai nuna sunan mai filin na gaskiya, da ko an jinginar da shi a banki, da ko ana bin sa harajin ƙasa. Wannan haraji ba abin wasa ba ne. A watan Maris na 2025 Hukumar Birnin Tarayya ta soke takardun filaye 4,794 saboda masu su sun shekara goma ko fiye ba su biya ba. Idan filin gado ne, a tabbata an raba gadon, kuma duk mai haƙƙi ya sa hannu, har da mata da waɗanda suke zaune a wani gari. A kawo safiyo na kai, ba na mai sayarwa ba, ya tabbatar cewa filin da aka nuna shi ne wanda yake a takarda, kuma bai faɗa cikin hanyar da za a gina nan gaba ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki ba. A tambayi maƙwabta ba a gaban dillali ba, domin dillali ba ya samun la'ada sai ciniki ya faɗa.

Sa'an nan a je a ga filin da damina. Ƙasar da ta yi kyau a watan Fabrairu tana iya zama tafki a watan Agusta. Rukunin gidajen Trademore da yake Lugbe ya sha ambaliya sau da yawa, ciki har da ta watan Yunin 2023, alhali gidaje ne na zamani da ma'aikata suka saya da kuɗi masu yawa. Biyan kuɗin filin da ba a taka da ƙafa ba cinikin biri a sama ne.

8.0 Zama da 'Yan Haya

Ɗaki ya shekara a kulle ya fi a sa mutumin da ba zai biya ba kuma ba zai fita ba. Saboda haka a san sana'ar mai neman haya, a san wanda ya tsaya masa, a rubuta yarjejeniya ko da ɗan'uwa ne. A fayyace kuɗi da ranar biya, da adadin mutanen da za su zauna, da wanda gyara kaza yake wuyansa, da hana shi ba wani hayar ɗakin sai da izini. A ba da rasit duk lokacin da aka karɓi kuɗi. Kowane sashe a nema masa mitar lantarki tasa idan da hali, domin babu abin da yake haɗa 'yan haya faɗa kamar kuɗin wuta na tarayya, kuma bashin da mai haya ya gudu ya bari a kan gidan yake zama.

Idan zama ya ƙi, doka ta shimfiɗa hanya. A Birnin Tarayya, matuƙar yarjejeniya ba ta ambaci wani wa'adi daban ba, mai biyan mako-mako ana ba shi sanarwar mako ɗaya, mai biyan wata-wata wata ɗaya, mai biyan wata uku-uku wata uku, mai biyan shekara kuwa wata shida. Bayan wa'adin ya cika sai a ƙara masa sanarwar kwana bakwai cewa mai gida zai nemi kotu ta karɓar masa gidansa. Jihohi suna da nasu dokokin masu kama da wannan. Cire kwano ko ƙofa, ko sa kwaɗo, ko watsar da kaya waje, ko kiran 'yan sanda su kori mai haya, duk sun saɓa wa doka, kuma suna iya jawo wa mai gida biyan diyyar da ta fi bashin da yake bi. Ma'aikatan kotu ne kaɗai suke fitar da mutum, bayan alƙali ya yanke hukunci.

Malami yana da wata matsala tasa, wato canjin wurin aiki. Wanda ya gina a Suleja ana iya tura shi Kwantagora ko Bida. A irin wannan hali sai a naɗa wakili da lada sananne, a umarci 'yan haya su riƙa biya kai tsaye a asusun banki da aka keɓe wa gidan, mai gida kuma ya riƙa zuwa da kansa aƙalla sau biyu a shekara, sau ɗaya kafin saukar damina domin duba kwano da magudanar ruwa, sau ɗaya a lokacin sabunta haya.